Sake cika harsashi a gida don harbin faifai: yadda za ka lissafa ko zai biya ka

Tun da muka taɓo maganar harbin faifai, wasan nan da ake cilla faifai sama a harbe shi da bindiga, wanda masu jin Faransanci ke kira baltarap, tambaya ɗaya ke ta dawowa daga Garwa, Marwa, Ngaundere, har Njamena. Harsashi ya yi tsada, kwanso kuwa ga shi zube a ƙasa bayan kowane harbi, to me zai hana mutum ya tsince ya sake cikawa a gida yadda ake gani a bidiyon Amurkawa?

Ra'ayina shi ne, ga mai bindiga kalibar 12 (kaliba lambar girman bututun bindiga ce) da ke zaune a wannan yanki namu, da wuya abin ya biya. Amma kowa da aljihunsa da yawan harbinsa. Ga matakan da za ka bi ka gano da kanka. Ka bi su a jere, domin in na farko ya tare ka, sauran karatu ne kawai.

1. Fara da takarda

A Kamaru dokar da ke kan makamai da harsasai ita ce mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016. Ta kasa makamai kashi takwas, bindigogin farauta da harsasansu suna kashi na biyar, kuma izinin saye da riƙewa yana fitowa ne daga ma'aikatar mulkin cikin gida, wadda kowa ke kira MINAT. Abin da mutane ke mantawa shi ne, izinin riƙe bindiga daban, izinin ƙera harsashi daban. Wanda ya zuba albarushi a kwanso ya rufe baki, harsashi ya ƙera, ko da guda 25 ne don wasan ranar Lahadi, kuma ƙera harsashi ba tare da izini ba, laifi ne na ɗauri.

Kamaru da Chadi duka suna cikin Yarjejeniyar Kinshasa ta 2010, wadda ta fara aiki a watan Maris na 2017. Ba bindiga da harsashi kaɗai ta shafa ba, har da kayan da ake haɗa su da shi. Ke nan albarushi da 'yar hular da ke kunna shi ba kayan da za ka saƙa a ƙasan jaka ba ne ka haye gadar Kuseri.

Abin yi: rubuta takardar tambaya ka kai ofishin firefe ko na gwamna, a Chadi kuma ma'aikatar da ta ba ka izinin bindigar. Ka faɗi lambar izininka, irin bindigar, da abin da kake son yi. Ka jira amsa a rubuce.

*Gargaɗi:* "ba komai, je ka yi" da wani jami'i ya faɗa maka a baki ba za ta fisshe ka ba ranar da jandarmomi suka tsayar da kai a hanyar Mora ko Waza da gwangwanin albarushi a mota. Ka kuma tuna doka na iya tsananta dare ɗaya. A watan Afrilun 2018 ministan MINAT Paul Atanga Nji ya dakatar da sayar da makamai da harsasai a jihohi shida, har da Adamawa ta Ngaundere. Wanda ya zuba kuɗinsa a injin cika harsashi kafin irin wannan sanarwa, sai dai ya lulluɓe shi da zane.

2. Ƙirga harbinka na gaske

Zagaye ɗaya faifai 25 ne, kwalin harsashi ma 25, katan kuma kwali goma, wato 250. Ɗauki littafi ka riƙa rubuta kwali nawa ka ƙona duk fita, har wata uku. Kada ka ƙirga da ka. Kowa yana ganin yana harbi duk mako, sai an duba littafi a tarar an cire azumi, an cire makonnin da ruwan Agusta ya ɓata hanya, an cire ranakun Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40 ba mai iya tsayuwa a fili. Abin da ya rage shi ne adadinka. Ninka shi ka samu na shekara.

3. Karanta abin da ke jikin bindigar

Ɓalle bindigar, ka duba ƙarƙashin bututun kusa da gindi. Za ka ga rubutu kamar 12/70 ko 12/76. Lambar farko kaliba ce, ta biyu tsawon ɗakin harsashi ne a milimita. Tsofaffin bindigogin da aka gada daga iyaye wasu 65 ne, su kuwa ba a sa musu harsashin 70.

Kalibar ce ke yanke rabin hukunci. Kamfanoni suna buga harsashin kalibar 12 da miliyoyi, shi ya sa ya fi kowane araha, ribar mai cikawa a gida kuma ta zama ƙanƙanuwa. Waɗanda ke cin riba sosai a Amurka masu kalibar 28 ne da .410, domin nasu yana da tsada a kanti alhali dalmar da yake ci kaɗan ce, giram 21 ko 14. Mu a nan kusan kowa 12 yake riƙe da ita.

Sai nauyin dalma. A gasar Olamfik, ta tarap da ta sikit, wato nau'o'i biyu na harbin faifai, ƙa'ida giram 24 ce, ƙwayar kuma kada ta wuce milimita 2.6. A gasannin FITASC, wata hukumar harbin faifai ta duniya da ke Faris, ana kaiwa giram 28. Ƙwaya lamba 7.5 ita ce ta yau da kullum, lamba 9 ta faifan da ke wucewa kusa. Harsashin farauta mai manyan ƙwayoyi, irin wanda ya fi yawa a hannun mafarautanmu, ba na wannan wasa ba ne: ƙwayoyinsa kaɗan ne, faifai mai faɗin milimita 110 yana ratsa tsakaninsu ya wuce lafiya, ga dukan kafaɗa, ga nisan da suke zuwa su faɗi.

*Gargaɗi:* in burinka gasa ne, tsaya nan. Dokokin FITASC ba su yarda da harsashin da aka sake cikawa ba. Kamfanonin bindiga da yawa ma suna janye garantinsu in an harba irinsa.

4. Gano inda kaya huɗu za su fito

Ban da kwanso, harsashi abu huɗu ne: hular gindi mai kunna wuta, wadda ake kira amos, kuma ta wannan aiki lamba 209 ce, albarushin zamani marar hayaƙi, matoshin roba da ke raba albarushi da dalma, sai ƙwayoyin dalmar. Je wurin dillalin makamai mai lasisi ka tambaye shi ɗaya bayan ɗaya: yana kawowa, da wace takarda, nawa ne, kuma in ya ƙare zai sake kawo irinsa sak?

Tambayar ƙarshen nan ta fi sauran nauyi. Kowane haɗi yana da tsarinsa da kamfanin albarushi ya gwada a na'urar auna matsin wuta: kwanso kaza, amos kaza, matoshi kaza, albarushi kaza. Kamfanoni irin su Vectan na Faransa da Hodgdon da Alliant na Amurka suna buga waɗannan jadawalai. In abu ɗaya ya yanke a kasuwa, ba a musanya shi da mai kama da shi. Sauya amos kaɗai yana iya ɗaga matsin wuta ya wuce ƙima, iyakar da CIP, hukumar gwajin bindigogi da harsasai, ta sa wa 12/70 kuwa 740 ce a ma'aunin matsi da ake kira bar.

*Gargaɗi:* kada ka ce ɗan'uwa zai taho maka da su daga Faris a jirgi. Kamfanonin jirgi suna yarda da harsashi haɗaɗɗe har kilo 5 a kayan da ake lodawa a ƙarƙashin jirgi, da izininsu da takardun ƙasa, amma albarushi da amos tsurarsu haramun ne ƙwata-ƙwata.

*Wani gargaɗin:* albarushin bindigar toka, wanda mafarauta ke aunawa a tafin hannu, ba ɗaya ba ne da na zamani. Ba a gauraya su, ba a auna wannan da ma'aunin wancan. Haka kuma kada ka narka dalmar batirin mota don yin ƙwaya. Ta harbin faifai ana ƙarfafa ta da wani ma'adini mai suna antimoni a kuma tace ta ta fito daidai wa daida, taka kuwa za ta fito da gefe-gefe, bayan ka shaƙi hayaƙin da ya fi harsashin tsada.

Yawancin masu tambaya a nan tafiyarsu ke ƙarewa, kuma ba abin kunya ba ne.

5. Yi lissafin kuɗin

In ka samu farashi na gaske, wato na kayan da suka iso hannunka bayan duwan da kuɗin mota daga Duwala, to zauna da biro.

Dalma ita ce babbar mai cin kuɗi. Kilo ɗaya yana ba da harsashi 41 in giram 24 kake zubawa, 35 in giram 28 ne. Buhun Amurka na laba 25, wato kilo 11.3, yana ba da wajen 470 ko 400. Raba kuɗin kilo da wannan adadi. Albarushi kuma, raba nauyin gwangwanin da awon da jadawalin kamfani ya faɗa. Amos ana sayar da shi ɗari-ɗari ko dubu, matoshi a leda, su raba su ba wuya.

Bari in ƙaga lambobi don hanyar ta fito, kai sai ka sa naka a madadinsu. Mu ƙaddara kilon dalma sefa 5,000 ne, ke nan 122 a kowane harsashi mai giram 24. Mu ce albarushi 95, amos 65, matoshi 35. An tashi 317. Ƙara biyar cikin ɗari na abin da zai zube ko ya lalace a hannun sabon shiga, da ɗan abin da kwanso zai ci, ka ce 340. Mu ƙaddara kuma na kanti 400 ne. Ribarka 60 a kowane harsashi, 1,500 a kwali.

Yanzu kuɗin kayan aiki. Mu ce inji da sikeli da tebur da sauran tarkace sun tashi jaka 300. Raba 300,000 da 60, ka samu harsashi 5,000, kwali 200. Sai ka cika wannan adadi kafin ka ce ka ci sisi. Koma littafinka na mataki na 2. Mai ƙona kwali huɗu a wata sai ya yi wata 50, sama da shekara huɗu. Mai kwali biyu duk mako ba fashi, kusan shekara biyu.

Akwai abin da wannan lissafi bai nuna ba. Ba a sayen kayan haɗi na kwali ɗaya, sai dai na dubu, don haka kuɗinka zai kwanta a ɗaki. Farashin da ka gani a intanet na Turai, ko ka juya shi a kan sefa 655.957 na kowane yuro, ba shi ne zai iso Garwa ba. Sannan akwai lokacinka. Da ƙaramin inji, sabon hannu mai lura da kyau zai ci awa guda a kan kwali uku ko huɗu. In kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da awarka take kawowa a shago.

Kuma in faɗi wata gaskiya da masu cikawa a can waje su ma suke faɗa suna dariya: ba sa rage kashe kuɗi, ƙara harbi suke yi. Da mutum ya ga bokiti cike da harsashi, zagaye biyu sai ya koma biyar, faifan da ake fasawa kuwa shi ma da kuɗinsa.

*Kuskuren da aka fi yi:* kwatanta na gida da harsashin farauta mai tsada. Kwatanta shi da na harbin faifai mafi araha da za ka samu a katan.

6. Tantance kwanso

Kwanson da ke ƙasa ba duka ne abin cikawa ba. Na Amurka irin Winchester AA da Remington STS su ne masu cikawa ke rububi, domin suna jure cikawa sau da yawa. Na Turai irin Cheddite, Fiocchi da Rio, waɗanda suka fi kusa da mu, cikinsu miƙe yake, suna da wani gindi daban da aka dasa a ciki, matoshinsu daban ne, bakinsu kuma yana saurin gajiya. Ware su iri-iri, kowane da ledarsa da suna a jiki.

Zubar da duk wanda bakinsa ya tsage, wanda gindinsa ya yi tsatsa, wanda ya kwana a raɓa, da wanda rana ta gasa har robar ta yi fari. Haska tocila a cikin kowane.

*Gargaɗi:* gindin ciki da ya saki yana iya bin wuta ya maƙale a bututu. Harbi na gaba shi ke fasa bindiga. In kana shakkar kwanso, shara.

7. Kayan aiki da ɗaki

Mafi araha a injuna shi ne Lee Load-All II, yawancinsa roba. Wanda aka fi farawa da shi MEC 600 Jr ne, na ƙarfe, yana yin harsashi ɗaya bayan ɗaya. Manyan injuna masu fitar da harsashi a kowane jan hannu, irin MEC 9000, ba na mai koyo ba ne, don kuskure ɗaya sai ya maimaitu sau ɗari kafin a farga. Bayan inji kana buƙatar sikeli mai auna ƙananan nauyi da ma'aunin gwada shi, tabarau na kariya, tebur da aka ɗaure injin a kai da noti, da littafin rubuta kowane haɗi.

Ɗakin ya zama mai kulle, nesa da madafa, nesa da janareto da jarkar fetur, ba sigari, ba turaren wuta, ba maganin sauro na kunnawa. Albarushi ya zauna a gwangwaninsa na asali, a wuri mai sanyi, amos kuma a wani wurin daban cikin 'yan tirensa. Zafi yana tsofar da albarushi, ɗakin kwano a Marwa a watan Afrilu kuwa tanda ne. In ka buɗe ka ji wari mai yaji kamar na asid, ko ka ga jan ƙura a ciki, ya lalace.

*Gargaɗi:* lokacin hunturu iska na bushewa har riga ta riƙa tartsatsi. Sa kayan auduga, ka share abin da ya zube da tsintsiya da jiƙaƙƙen tsumma, ban da injin zuƙar shara. Dalma kuma guba ce, ta fi illa ga yara da masu ciki. Ba mu manta Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Kada a ci abinci a ɗakin, kada yaro ya shiga, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa kowa.

8. Jerin aikin a kan inji

Wannan na wanda ya samu izini a rubuce ne, ya kuma zauna kusa da gwani ya ga yadda ake yi. Da farko inji yana fitar da tsohon amos ya matse gindin kwanso ya koma girmansa. Sai a dasa sabon amos ya zauna daidai da gindi, kada ya turo waje. Sai albarushi, sai matoshi, sai dalma. Daga nan a fara naɗe baki, a bi tsohon ninkinsa, shida ko takwas, a ƙarshe a danne shi ya rufe.

Ba zan rubuta awon albarushi a nan ba. Wurinsa jadawalin kamfanin da ya yi albarushin, na haɗin da ke gabanka. 'Yar zoben da ke auna albarushi a inji ba ta cika zuba abin da takardarta ta ce ba, don haka auna goman farko a sikeli, ka kuma riƙa sake aunawa jefi-jefi.

*Gargaɗi:* jadawalin Amurka da giren yake awo, na Turai da giram. Giram ɗaya giren 15.4 ne. Duba abin da sikelinka ke nunawa kafin ka taɓa komai. Gwangwani ɗaya tak a kan tebur, waya a kashe, in an yi sallama ka ƙarasa wanda ke hannunka kafin ka amsa, don zubi biyu a kwanso ɗaya daga irin wannan yake fitowa.

Kyakkyawan harsashi bakinsa a shafe yake, ba rami a tsakiya da ƙwaya za ta zubo, ba kumburi. A fili kuma, in ka ji ƙara ta fito da rauni, tsaya, ɓalle bindiga, leƙa bututu. In ka ja kunama ba ta tashi ba, bar bakin bindiga yana kallon fili har daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. Kada ka ba kowa naka, kada ka harba na wani da ba ka san yadda aka cika shi ba, balle wanda ake sayarwa a ɓoye a kasuwar ƙauye.

9. In lissafi bai fita ba

Sayi katan maimakon kwali, gwargwadon abin da izininka ya ba ka, ka karɓi rasit ka ajiye tare da takardar bindiga. Duba tambarin CIP a jikin kwalin. Sauko zuwa giram 24: akwai ƙwaya wajen 300 na lamba 7.5 a ciki, sun ishi faifai, kafaɗarka kuma za ta huta. A tarap ana yarda da harbi biyu a faifai ɗaya, amma ranar atisaye sa harsashi ɗaya kawai, za ka rage kashe kuɗi ka kuma koyi nutsuwa a harbin farko.

Ajiye harsashi a cikin ɗaki mai sanyi, a akwati mai kulle daban da na bindiga, a ɗaga shi daga ƙasa saboda laimar damina. Kada ya yini a bayan mota a rana. Rubuta ranar saye a jikin kowane katan ka fara da tsoho. In gidan akwai kalibar 20, raba su nesa, domin harsashin 20 yana zurmawa cikin bututun 12 ya maƙale a gaba, ya bar wurin da wani zai shiga a bayansa.

Sauran aikin a ɗaki ake yinsa ba tare da an ƙona ko ɗaya ba. Tabbatar bindiga babu komai, ka leƙa sau biyu, harsasai na kulle a akwatinsu. Tsaya ka ɗaga ta zuwa kunci, kana bin layin da bango ya haɗu da silin daga kusurwa zuwa kusurwa, sau 20 zuwa dama, sau 20 zuwa hagu. In kana son jan kunama, sa harsashin roba na atisaye don kada allurar ta wahala.